Gulab jamun a gida: wa ta taɓa yi ya yi laushi har ciki?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah duk wadda ta taɓa yin gulab jamun ta zo ta faɗa mana yadda nata ya kasance. Ina nufin kayan zaƙin nan na Indiya, dunƙulen madara da ake soyawa a tsoma a ruwan sukari. Maigida ya ci a bikin wani abokin aikinsa Ba'indiye, tun ranar yake zancensa. Na kwaɓa da madarar gari da fulawa, bayan ya yi ja gwanin sha'awa, amma cikin ya ƙulle tamau, ruwan sukarin bai ratsa ba. Da Sallah nake son yi masa.

Ɗalibar Haidarabad: Wa alaikumus salam Anti. Wuta ce ta yi miki yawa, ba ko tantama. Matar mai gidan da muke haya a nan Indiya ta yi a gabana lokacin bikinsu na Diwali. Ita ba madarar gari ta sa ba. Ɗanyar madarar ɓauna ta ɗora a kasko mai faɗi, tana juyawa tana kankare gefe har ruwan ya ƙone ya bar dunƙule mai taushi, shi suke kira khoya. Lita guda ba ta ba da abin da ya wuce giram 200 zuwa 250, shi ya sa da yawansu ma sayowa suke yi. Ta murje shi da tafin hannu, ta barbaɗa fulawa 'yar kaɗan don ya kama jikinsa.

Wajen suyar ne na zuba ido. Ta gutsiri ɗan mitsitsi ta jefa a mai, ya nutse ya kwanta a ƙasa, ƙananan kumfa suka kewaye shi, sai can ya taso a hankali. Ta ce da ya taso nan take, sai ta sauke kaskon ya huce. Da ta zuba sauran kuma ba ta taɓa su da cokali ba, man take kaɗawa daga gefe, su kuma suna juyawa da kansu har launin ya zo ɗaya. Zubi guda ya kusa minti 10.

Mai Cincin: Ni kam da madarar gari nake yi, kuma yana fita. Abin da ke ba mu wahala shi ne hannunmu ya saba da gullisuwa. Ita gullisuwa da sukarinta ake kwaɓawa, a murza sosai, a soya ta yi ƙarfi. Wannan kuwa sukari ba ya shiga kwaɓin, duk zaƙin daga ruwan yake zuwa, don haka dole cikin ya zama sakwa-sakwa yadda zai sha. Awona: kofi 1 na madarar gari mai cikakken maiƙo, kwatan kofi na fulawa, rabin ƙaramin cokali na bekin foda, babban cokali 1 na man shanu, sai madarar ruwa kaɗan-kaɗan har ya haɗe. Haɗawa kawai, ban da murza. Ki rufe minti 10 ya tsotse ruwansa. Madarar awo ta kasuwa wadda ba ta da maiƙo sosai takan sa ya yi tauri, na gani da idona.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, a Delhi na fara cinsa, lokacin da na je jinyar ƙanwata. Da ɗuminsa suke ba ka, biyu a ɗan kwano, cokali na taɓa shi yake rabewa. Abin da zan ƙara muku shi ne maganar mai. Su da man shanu tacacce suke soyawa. Namu na Fulani yana yi, amma kada ki ɗauko wanda kika soya da albasa don tuwo, ƙanshin zai bi zaƙin ya ɓata shi. Ki narka sabo shi kaɗai, ki tace. In ya yi tsada, ki soya da man gyaɗa mai kyau ki ɗiga cokali biyu na man shanun a ciki.

Amarya: Ni nawa tarwatsewa ya yi a cikin mai, ya koma gari-gari. Na ji takaici sosai, ga tsadar madara.

Mai Cincin: Ayya ƙanwata, sannu. Ko bekin foda ya yi yawa, ko kwaɓin ya bushe ya tsattsage. Ki shafa mai a tafin hannu, ki mulmula har ki daina ganin tsaga ko ɗaya. In kin ga yana tsagewa, ɗiga madara ki sake haɗawa. Kuma kada ya wuce girman ƙaramin goro, don yana kumbura a mai, ya ƙara kumbura a ruwan sukari.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. To ruwan sukarin fa? Nawa na dafa shi har ya yi kauri, da ya huce sai ya fara daskarewa a gefen tukunya.

Ɗalibar Haidarabad: Ga dalili na biyu ke nan, Anti. Mai kauri ba ya shiga. Sukari kofi 2, ruwa kofi 2, a tafasa har sai kin taɓa da yatsu biyu kin ji ɗan danƙo, shi ke nan a sauke. Ki matsa lemon tsami ɗigo kaɗan, shi ke hana shi daskarewa. Ki fasa 'ya'yan kadamon, wani kayan ƙanshi, uku ko huɗu ki jefa, ruwan wardi kuma sai bayan kin sauke, don zafi na kore ƙanshinsa. Mai hali yakan sa za'afaran.

Hajiya Babba: Kuma da ɗumi ake tsomawa, ba yana tafasa ba. Na taɓa gani an zuba a tafasasshe, fatar ta saɓule. A tukunya mai faɗi, kada su hau kan juna.

Maman Biyu: Zan iya yi tun daren jajibere? Safiyar Sallah aiki yana min yawa.

Mai Cincin: Hakan ma ya fi, Yaya. Awa 2 ne mafi ƙarancin jiƙonsa, wanda ya kwana kuwa ya fi shan ruwan. Ki bar shi cikin ruwan sukarinsa a firij, da safe ki ɗora a wuta kaɗan ya yi ɗumi kafin a dawo daga Idi.