Sarƙa ko silsila? Ku zo mu raɗa wa "supply chain" suna

1/ Makon jiya aka kawo mini wata takarda in mayar da ita Hausa, don wani zama da za a yi da 'yan kasuwar Kwari da na Singa kan yadda ƙirƙirarriyar basira (AI) ke sauya harkar kawo kaya. Tun a layin farko na cije. "Supply chain". Abin na san shi, a cikinsa nake wuni kullum a shagon kawuna, amma sunansa da Hausa ya gagare ni.

2/ Ga wanda bai gane ba, a ɗauki turmin atamfa guda. Wani ya noma auduga, wani ya kaɗa zare, masaƙa a ƙasar Sin ta saƙa ta buga zane. Aka cusa a kwantena, jirgin ruwa ya kawo Apapa ko Tin Can, ejan ya yi fama da kwastan, tirela ta hauro Kano, aka sauke a sito, dila ya sayar wa mai sari, mai sari ya sayar wa Hajiya, Hajiya ta kai wa tela a Fagge. Kaya na gangarowa, kuɗi da labarin abin da kasuwa ke so suna haurawa. Wannan jerin gaba ɗaya ake nufi. Sunan kula da shi ma, "supply chain management", ba tsoho ba ne a Turancin, a 1982 wani mai ba kamfanoni shawara, Keith Oliver, ya fito da shi.

3/ Abin da nake yawan gani a labarai shi ne "sarƙar samar da kayayyaki". Na karanta wa Kawu, ya ɗago daga kan kalkuleta ya ce, "Sarƙa kuma? Ta wuya ko ta ƙafa?" Ya gama magana. A kunnen Bakano sarƙa ko dai ta gwal ce a akwatin lefe, ko wadda ake ɗaure kare da ita. Ga tsawo kuma. Wa zai tsaya furta wannan a waya, direba na jiran amsa a Ogbomosho?

4/ Jigila ɗaukar kaya ce kawai. Dillanci gaɓa ɗaya ce a ciki. Safara da ta dace, amma kwanan nan ta yi ƙaurin suna, da ka ambace ta hankali ya tafi kan ƙwaya da mutane.

5/ Wadda ta fi jan raina ita ce ayari. Kano ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15, kuma fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja ɗauko goro, raƙuma na sauko da gishirin Bilma. Ayari na da tsari: madugu shi ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya, ga zango inda ake yada kaya, ga fatoma mai masauki da ke haɗa baƙo da mai saye ya kuma tsaya masa. Sai dai na yi ta juya ta, ta ƙi zama. A ayari, mutanen da suka tashi da kaya su ke isa da shi. A abin da muke magana kuwa kayan ne ke tafiya, hannaye na sauyawa. Mai masaƙa a Guangzhou bai taɓa jin sunan telan Fagge ba, ba kuma zai ji ba.

6/ Sai wani malaminmu na makarantar dare, da na kai masa kukana, ya ce, "Ɗana, me ya hana ka ce silsila?"

7/ Na yi shiru. Asalinta a Larabci sarƙar ce dai, amma da ta shigo Hausa ba ta zo da ƙarfe ba, da mutane ta zo. Silsilar malamai, silsilar ɗariƙa: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san idan aka rasa mutum ɗaya a jerin, ko aka samu wanda ba a yarda da shi ba, abin da aka miƙo gaba ɗaya ya raunana. To ai harkar kaya ke nan. Karɓa, riƙon amana, miƙawa. Na san wasu za su ce kalmar zaure ce, kada a kai ta kasuwa. Ni ban ga laifi ba. Amana da riba da haraji duk daga Larabcin suka zo, kuma "albarka" da mai kaya ke cewa idan tayi bai yi masa ba, daga ina ta fito?

8/ Na gwada ta a ɗaya ɓangaren, na fitar da kaya. Zoɓo daga gonakin Jigawa zuwa Dawanau, a tsince, a cika buhu, a yi Meziko da shi. Riɗi ya bi hanyarsa zuwa Japan da Turkiyya. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, sabuwar gaɓa ce a silsilar kaya. Jimlar ta zauna daram.

9/ Yanzu ina na'ura ta shigo? Babban aikinta kirdado ne. Tana haɗa cinikin shekarun baya, da lokacin azumi da sallah da kaka, da farashin dala, da yanayin sama, da inda jirgi yake a teku, ta ce ka yi odar kaza, ranar kaza, ta hanya kaza. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suez kwana 6. A ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya suka sa manyan jirage zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye. Kamfanin da ke da irin wannan manhaja yana iya ganin wace kwantena ce a wane jirgi, ya sake lissafi tun kafin kanti ya bushe. Mu kuwa akwai shekarar da kayan sallarmu suka iso bayan an sauko daga idi, kuma duk tsawon jiran abin da ejan ke maimaita mana a waya bai wuce "Alhaji, kaya na kan ruwa" ba. Shaddar nan sai da ta yi mana kwantai har babbar sallah.

10/ Ba kirdado kaɗai ba. Amazon ya sayi Kiva, kamfanin ƙera mutum-mutumi, a 2012, yanzu mutum-mutumi ke ɗauko kantoci a sitonsa. UPS, kamfanin kai saƙonni na Amurka, na da manhajar ORION mai tsara wa direba layin da zai bi. Walmart, mai manyan kantuna a Amurka, har manhaja ya sa tana ciniki da wasu masu kawo masa kaya. Da na gaya wa Kawu wannan, dariya ya yi: "To idan an taya mata da arha, ta iya cewa albarka?"

11/ Inda gizo ke saƙar shi ne haɗin gwiwa, kuma nan ba ma buƙatar sabuwar kalma, halin ne ke da wuya. A ce gab da azumi aka ji raɗe-raɗin sukari zai yi wuya. Mai kanti a unguwa da ke ɗaukar buhu biyu ya nemi huɗu. Dila a Singa ya ga oda ta ƙaru, ya ninka tasa. Kafin labari ya kai kamfani ya zama kamar duk Kano shayi za ta koma sha dare da rana. Bayan sallah kowa na zaune kan buhunan da ba mai so. Maganin shi ne na sama ya ga ainihin abin da na ƙasa ya sayar, ba abin da tsoro ya sa ya nema ba. Na'ura za ta iya wannan, amma sai an ba ta lissafi. Mu kuwa ɗan kasuwa ya gwammace ka ga cikin ɗakinsa da ka ga littafinsa, wani ma littafin a ka yake. Kada a ce mu kaɗai ne: kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin kwamfuta na IBM sun kafa dandalin TradeLens a 2018 don masu jiragen ruwa su riƙa musayar bayanan kaya, a ƙarshen 2022 suka sanar da rufe shi saboda ba a samu haɗin kan da ake nema ba.

12/ "Ƙirƙirarriyar basira" na bar ta yadda take. Ina da ƙorafi, don ƙirƙirarren labari ƙarya muke nufi, kuma "basirar na'ura" ta fi sauƙi a baki. Amma gidajen rediyo sun riga sun shuka ta, ta kama ƙasa.

13/ Ayari dai bai tafi a banza ba, na tsinci abu biyu a ciki. Mutumin da ke kula da silsila, wanda zai yanke hukunci ya kuma ɗauki asara, madugu ne. Manhajar da ke hango hanya ta dawo da labari, jagaba ce. Na san siyasa ta riga mu cafke wannan kalma, kowa ya ji ta sai ya tuna Jagaban Borgu, amma fatake sun riga 'yan siyasa mallakarta.

14/ Abin da na rubuta a takardar: silsilar kaya, tafiyar da silsilar kaya, madugun silsila, kirdadon kasuwa. Jiya na ji Kawu na ce wa wani kwastoma a waya, "Ka yi haƙuri Alhaji, silsilar ce ta tsinke a Apapa." Bai san ina ji ba.

15/ Saura ɗaya ta hana ni miƙa aikin. Wancan kumburin oda na sukari, Turawa da bulala suka kwatanta shi: hannu ya motsa kaɗan, bakinta ya yi tsalle mai nisa. Na rubuta "kaɗawar bulala" na goge, na rubuta "kumburin oda" na sa alamar tambaya. 'Yan Singa, ku da abin ke ci duk shekara, me kuke ce masa a tsakaninku? Ranar Alhamis zan miƙa.