Dan Allah ni kaɗai ce in raina ya ɓaci sai ci?

Amaryar_Legas:
Salam 'yan uwa. Wata 7 kenan da kawo ni Legas, oga tun asuba yake fita sai bayan isha'i saboda cunkoso, ni kaɗai nake wuni ba mai ce min ci kanki. Duk ranar da kewar gida ta taso min ko muka ɗan samu saɓani sai dai in gan ni a kicin. Jiya ƙarfe 11 na dare na kwaɓa ɗanwake na zuba mai da yaji na cinye tas a tsaye na kora da lemo, kuma wlh na ci tuwo da magariba ba yunwa nake ji ba. Ina gamawa sai haushin kaina. Ɗinkunan lefe har sun fara matse ni. Wai meye haka?

Nas_ce:
Ƙanwata kina da 'yan uwa da yawa. In damuwa ta daɗe jiki yana ƙara sakin wani sinadari kotisol, daga wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda, shi ke sa mutum kwaɗayin zaƙi da maiƙo, kina ci ƙwaƙwalwa ta ɗan ji sanyi sai ta riƙe hanyar, gobe ma ta aike ki kicin. Rashin barci ma na ƙara abin. Yunwar gaske a hankali take zuwa kuma ko garin kwaki ta samu ta karɓa, ita wannan farat ɗaya ce kuma sai abu kaza take so. Lemon ne ma ya fi damuna, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce ya fi kyau kar sukarin da ake ƙarawa ya wuce gram 25 a rana, wajen ƙaramin cokali 6, kwalba ɗaya ta wuce nan.

Bazazzagi:
Ikon Allah, ni in ina cikin damuwa ko loma ba ta wucewa. Amma lokacin jarabawa kam mai shayin bakin hostel ya ci kuɗina, Indomie biyu ƙwai biyu kullum, kuma karatun bai zauna ba.

Hajiya_Babba:
'Yata ki lura, duk abincin Legas ba ki nemi komai ba sai ɗanwake. Wa ke yi muku shi a gida? Ni shekarar da mahaifiyata ta rasu kullum sai na rage tuwo da gangan don in yi ɗumame da safe, da miyar kuka da man shanu yadda take mana, wani lokacin ina ci ina hawaye. Kar ki ce za ki hana kanki gaba ɗaya, ba ya ɗorewa. Ki zuba a ƙaramin kwano ki zauna ki ci da rana. Ki kuma nemi Islamiyya, Agege da Idi-Araba cike suke da mutanenmu. In abin ya kai ba barci kullum kuka to ki ga likita.

Amaryar_Legas:
Hajiya kin sa ni kuka wlh. Umma ce ke mana duk Asabar, mu shida a tire ɗaya ana rigimar ƙwai. Yanzu na kira ta mun fi awa muna hira, har faɗa ta yi min wai kanwa nake cikawa shi ya sa nawa ke baƙi.