"Ruwa ba ya tsami banza": hujja ce ko zato?

Ɗan Bilbis:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni barci tun Laraba. Ƙanena yana tsaron butiki a kasuwar Tawa, shekara biyu ke nan, a hannun wani dattijo. Aka yi lissafi, jika talatin suka yi ɓatan dabo. A satin kuma yaron ya fito da sabuwar salula. Maigidan bai ce ka sata ba. Ya dai dubi wayar ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Kowa ya gyaɗa kai, magana ta mutu nan, yaro yana gida zaune. Alhali yayanmu da ke ci-rani a Abijan ne ya aiko kuɗin wayar. Mene ne ainihin ma'anar karin maganar nan, kuma an ɗora ta a muhallinta?

Inna ta Wadata:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya wanke shi. Karin maganar dai ba ta da laifi. Duk matar da ta san ɗakin girki ta san ta. Ka ɗebo ruwa mai daɗi ka zuba a ƙwarya, da safe ka ji tsami, to akwai abin da ya shiga: ko ragowar hura, ko nono, ko ruwan surfe, ko tsamiya. Abin da take cewa ke nan, akwai sanadi. Amma ba ta gaya miki wanne ba ne. Sai kin ɗaga ƙwaryar kin sansana.

Mushe:
Inna ta gama maganar, ni ƙari kawai zan yi. Zance biyu ne maigidan ya haɗe ya haɗiye lokaci guda. Na farko, kuɗi ba sa ɓata haka kawai. Wannan gaskiya ne. Na biyu, yaron ne ya ɗauka. Wannan bai kawo masa shaida ko ɗaya ba, ya dai jingina shi da na farkon, sai amincewar da muka yi wa karin maganar ta zuba a kansa. Abin da ya rage a hannunsa shi ne abu biyu sun faru a sati ɗaya. Faɗuwa kuwa takan zo daidai da zama.

Ku dubi palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Turawan da suka daɗe suna fama da shi sun lura cewa masu zama kusa da fadama su ne ke kwanciya, sai suka ce iskar fadama ce mai guba. Sunan da Faransawa ke kiran ciwon da shi ma daga kalmar fadama ya fito. Sai a 1880 wani likitan soja Bafaranshe, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ross ya same ta cikin sauro a Indiya. Turawan na dā sun yi daidai da suka ce akwai sanadi, kuma yana wajen fadama, amma ɗaruruwan shekaru suna tuhumar wanda bai yi ba. Mu ma nan, yaro ya yi masassara a watan tara sai a ce sabuwar masara ce ya ci, alhali lokacin ne sauro ya fi yawa.

Alhaji Mai Albasa:
Mushe, da girmamawa, kasuwa ba lakwal ba ce. Ni na yi shekaru ina lodin albasar Galmi, na riƙe yara da yawa. Ba kullum ake kama hannu cikin aljihu ba. Mutum yana duba take-taken yaro ya gane. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. In sai na jira shaida biyu kafin in tsare dukiyata, da tuni na koma dako. Kai da ba ka taɓa sayar da ko ashana ba, ina za ka san wannan?

Inna ta Wadata:
Haba Alhaji. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Abin da ya faɗa za ka warware, ba sana'arsa ba. Ko da almajirin da ke bara a tasha ne ya ce abu biyu na iya haɗuwa ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba, maganar tana nan yadda take.

Alhaji Mai Albasa:
Na karɓa Hajiya, a yi haƙuri Mushe. Amma har yanzu ina kan bakana cewa gogewa tana da nauyi.

Mushe:
Babu komai Alhaji. Tana da nauyi ƙwarai, kuma in batun ranar da za a fitar da albasa daga rudu, wato rumbun ajiyarta, ne, maganarka zan bi ido rufe. Gogewa tana ba ka damar yin zato mai kyau, ka san inda za ka fara bincike. Korar yaro da ɓata masa suna a kasuwa kuwa hukunci ne. Babban da ya hango abu yana iya nuna mana da yatsa mu ma mu duba. In ya ce ba zai nuna ba, mu dai yarda don ya girme mu, to shekarunsa ya ba mu, bai ba mu dalili ba.

Manomi daga Badagishiri:
Zan sa baki kan maganar babba da rimi, don ita aka daɗe ana rufe bakin mutane da ita a karkara. Akwai lokacin da kowa ya tabbata fako ya mutu, ba mai ɓata irinsa a can. Dattawa ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani ke nan tsawon rayuwarsu. A 1989 aka kai wasu manoman yankin Illela ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga ana faɗaɗa ramin shuka, a zuba taki, ruwan sama ya kwanta ciki. Suka dawo suka gwada wannan dabara, da muke kira tassa, a kan fakon nan, hatsi ya fito. Yau sayen fako ake yi a gyara. Babba yana hango abin da ya taɓa wucewa ta gabansa. Abin da bai taɓa zuwa garin ba, shi da yaro duk baƙi ne a wurinsa.

Malam na Zaure:
Allah ya yi muku albarka. Wannan muhawara tana da gurbi a karatunmu, kada a ɗauka boko ne ya zo da ita. Malaman manɗiƙi, wato ilimin auna hujja da hankali, sun kasa hujjar hankali gida biyar: burhani, jadali, huɗuba, waƙa, da safsaɗa. Burhani shi ne wanda aka gina a kan yaƙini. Huɗuba ana gina ta a kan abin da jama'a suka karɓa daga wanda suke girmamawa, ko abin da galibi yake faruwa. Safsaɗa kuwa ita ce ƙaryar da ta sa rigar gaskiya. A fahimtata karin magana gidan huɗuba take. Tana jan hankali, tana tunatarwa, galibi kuma tana dacewa. In aka ɗauke ta aka yanke hukunci da ita kamar burhani ce, an shiga safsaɗa ko da mai yin bai nufa ba. Shehu Magili, wanda ya ratsa Takadda ya je Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har baitoci ya rubuta wa malamin Misira Suyuɗi yana kare ilimin manɗiƙi.

Sannan aya ta 12 a Suratul Hujurati ta ce mu nisanci da yawa daga zato, domin sashen zato zunubi ne. Hausawa ma sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Ga karin magana ta tsaya a gaban karin magana. In da faɗin ta kawai yana gama shari'a, wacce za mu bi cikin biyun?

Ɗan Bilbis:
Na gode ƙwarai. Jiya da la'asar na je wajen dattijon da takardar da aka ciro kuɗin da ita, da sunan yayanmu da kwanan wata. Ya karanta, ya yi shiru. Can sai ya ce to ya yarda wayar ba da kuɗinsa aka saya ba, amma in kawo masa shaidar cewa yaron bai ɗauki jika talatin ɗin ba. Allah gafarta Malam, ta yaya ake kawo shaidar abin da ba a yi ba?

Malam na Zaure:
Ba a kanku take ba, ɗana. Hadisi ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Shi ya yi da'awa. Abu ɗaya da ya dogara da shi ya faɗi, sai ya juyo muku da kayan. Amma kada ka je masa da fushi, dattijo ne da ya yi asara, kuma ya yi magana a gaban mutane, janyewa tana masa nauyi.

Alhaji Mai Albasa:
A nan kam ina tare da ku. Kuma ga abin da na sani na kasuwa: kafin a tuhumi yaro, littafin bashi ake fara buɗewa. Sau da yawa maigida da kansa ya ba wani kaya a tsaye, ya ce zai rubuta, aka kira salla ya manta. A duba kuma ko akwai wani mai riƙe da mabuɗi, ɗa ko ƙane. Ka nemi wani dattijo a layinsu da yake jin nauyinsa ku tafi tare.

Ɗan Bilbis:
Haka za a yi Alhaji. Na yi magana da maƙwabcin butikinsa, ya amince zai raka ni. Dattijon ya ce mu zo ranar Lahadi in kasuwa ta watse, a zauna da littafin a bi shi shafi-shafi tun daga farkon wata. Ƙanena ya ce shi ma zai zo, don shi ya san hannun da ya rubuta kowane layi.