Wai Boxing Day ranar dambe ce?

Usaini: Jama'a ku raba ni da abokina, tun jiya muke musu. Ni na ce tunda boxing dambe ne da Turanci, to 26 ga Disamba da ake kira Boxing Day ranar damben Turawa ce tun asali, daga baya ƙwallo ta ƙwace ta. Shi kuwa ya ce atafau ba haka ba ne.

Malam Haruna: Abokinka ya fi ka gaskiya, Usaini. Kalmomi biyu ne rubutunsu ya zo ɗaya: box na naushi daban, box na akwati daban. Na akwatin daga Latin ya fito, daga buxus, wani icce mai tauri da ake sassaƙa ƙananan akwatuna da shi. Shi ne ya ba ranar suna. A Ingila, barori kan wuni suna hidima ranar Kirsimeti, sai washegari a sallame su su je gida da ɗan hasafi. Yaran shago da 'yan aike su ma suna da nasu akwatin, wato asusun yumɓu mai tsaga a sama, suna bin abokan cinikin maigidansu ana jefa musu sulalla, bayan biki su fasa su raba.

Usaini: Allah gafarta Malam, to ya za ka yi da 26 ga Disamba 1908? Ranar ce Jack Johnson ya lallasa Tommy Burns a Sidni ta Ostareliya, ya zama baƙar fata na farko da ya ci kambun duniya na masu nauyi. Sai da 'yan sanda suka tsayar da wasan a turmi na 14. Wannan ma akwati ne?

Malam Haruna: Damben ya faru, babu musu. Amma ranar hutu ce, ranar da jama'a ke da sukunin cika fili. Tun 1871 majalisar Birtaniya ta sa ta cikin ranakun hutun banki a Ingila, sunan kuma ya girmi dokar. Shi Johnson a 1878 aka haife shi. Yaya damben wanda ba a haifa ba zai raɗa wa rana suna?

Hajiya Binta: Na yarda akwati ne, Malam, amma ba na barori ba. 26 ga Disamba ranar tunawa da Istifanus ce, shahidi na farko a wurin Kirista, kuma coci-coci kan ajiye akwatin sadaka a bakin ƙofa, a buɗe shi bayan Kirsimeti a raba wa mabuƙata. Wannan ya fi kama hankalina.

Malam Haruna: Ana faɗin haka sosai, Hajiya, ban kore shi ba. Sai dai na ma'aikatan ya fi shaida a rubuce. Samuel Pepys, wani jami'in gwamnati a Landan, ya rubuta a kundinsa na Disamba 1663 cewa ya je wurin mai ɗinka masa takalma, ya biya bashi, ya kuma jefa wani abu a asusun yaran shagon saboda Kirsimeti.

Hajiya Binta: Wannan ya nuna akwai asusun yara, bai nuna daga nan aka ɗauko sunan ranar ba. Kuma kwana bakwai kafin ranar ya jefa kuɗin nasa.

Ɗanladi: Ni dai abin da na sani, a Boxing Day ta 1963 an zura ƙwallo 66 a wasa 10 na babban rukunin Ingila, Fulham ta yi wa Ipswich 10 da 1. In wannan ba dambe ba ne ku faɗa min sunansa.

Usaini: Yauwa Yaya Ɗanladi, ka ga ma na samu mai goya min baya.

Ɗanladi: A'a ƙanena, wasa nake. Je ka ba abokinka haƙuri, ka bar Malam da Hajiya su ƙarata kan akwatin waye.