Tarantula ta ƙi zama a ƙasa, kullum tana manne da gilashi: me ya kamata a gyara?

Baƙon_Gizo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan tarantula (wani babban gizo-gizo mai gashi) da nake kiwo, nau'in Grammostola rosea, wadda asalinta daga ƙasar Chile ne. Faɗin ƙafafunta idan ta miƙe ya kai santimita 12. Akwatinta na gilashi ne mai santimita 30 tsawo, 30 faɗi, 30 tsayi, murfinsa ragar waya. Ƙasar ciki dusar ɓawon kwakwa ce, kaurinta santimita 5, ana fesa mata ruwa kowace safiya. Yau kwana goma da saka ta, amma ba ta taka ƙasa sai dole. Tana hawa bango, wani lokaci har ta rataye a jikin ragar, kai a ƙasa. Wannan ɗabi'arta ce ko akwai matsala?

Mai_Kiwon_Ƙwari:
Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ce a nan: dalilin hawan, da haɗarin da ke cikinsa. Fara da haɗarin, shi ne na gaggawa.

Rosea gizo-gizon ƙasa ce, mai nauyin jiki. Cikinta kamar balan-balan ne da aka cika da ruwa, fatarsa ba ta da tauri irin na gaban jikinta. Idan ta suɓuto daga sama ta bugu, cikin yana iya fashewa, kuma da wuya ta rayu. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce, tazarar da ke tsakanin saman ƙasa da murfi kada ta wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi. Taka santimita 12 ce, ke nan iyakarka 18. Yanzu kana da 25. Ba sai ka sayi sabon akwati ba, ƙara ƙasa za ka yi har kaurinta ya kai santimita 13 zuwa 15. A akwati mai girman naka, wannan kusan lita 13 ne. Bulo ɗaya na dusar kwakwa mai giram 650 yana kumbura ya ba da lita 8 zuwa 9, don haka biyu za su isa, har da abin da zai ragu idan ka danne.

Dannewar nan kada ka raina ta. Tarantula ba ta son ƙasa mai laushi da ƙafa ke nutsewa a ciki. Zuba kaɗan, danne da tafin hannu, ƙara, sake dannewa, har ta yi kamar daɓe.

Dalilin hawan kuwa, kusan tabbas feshin ruwan ne. Rosea daga busasshen yanki ta fito a arewacin Chile, ƙasa mai danshi tana ƙona mata rai. Daina feshin gaba ɗaya. Dusar da ka jiƙa don ta kumbura, baza ta a faranti ta bushe sosai kafin ka zuba. Idan ka dunƙule ta a hannu ta tsaya dunƙule, da saura. Ruwan sha ya ishe ta: murfin kwalba mai faɗi ko ɗan kwano marar zurfi, a binne shi bakinsa ya yi daidai da ƙasa. Kada a saka soso ko auduga a ciki, ƙwayoyin cuta kawai suke tarawa, ita kuma tana shan ruwa kai tsaye.

Hajiya_Saƙa:
Abin da Malam ya faɗa haka yake. Zan tsaya a kan murfin, don mutane sun fi sakaci da shi.

Tarantula tana hawa gilashi ne da wasu gasu ƙanana ƙwarai da ke ƙarƙashin ƙafafunta, su ke kama santsi. Amma a ƙarshen kowace ƙafa akwai 'yan farata biyu masu lanƙwasa, su ne ke maƙalewa a inda wayoyin raga suka sarƙe. Sai ka tarar da ita tana lilo da ƙafa ɗaya. Daga nan ɗayan biyu ne: ko ta yar da ƙafar da kanta, ko ta fizge ta faɗo. Ƙafa tana sake tsirowa idan ta yi saɓa, da farko siririya, sai bayan saɓa biyu ko uku ta koma daidai. Fashewar ciki ce ba ta da irin wannan gata.

Cire ragar, a yanko maka farantin roba mai gani-har-hanji, kauri milimita 3 zuwa 4, a huda ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 4 a jere, a goge bakinsu kada su yi kaifi. A sa masa makama, domin tana da ƙarfin ture murfi marar nauyi. Kafin ka samu farantin, lulluɓe ragar ta ciki da wani abu mai santsi, ka bar wurin iska.

Sai maɓoya. Ban ga ka ambace ta ba, kuma tarantular da ba ta da wurin ɓuya ba za ta daina yawo ba. Rabin ɓawon itace mai lanƙwasa, irin wanda ake yin toshiyar kwalba da shi, shi ya fi, don ba shi da nauyi kuma ba ya saurin yin fumfuna. A binne rabinsa a karkace, a ɗan tona rami ƙarƙashinsa da yatsu biyu. Duwatsu, kasko da duk abu mai tauri ko tsini, a nisanta su daga bango, domin nan ne take faɗowa. Ban da tsakuwa, ban da garin katako.

Idan tsautsayi ya gitta ka ga ruwa fari-fari yana tsatsowa daga jikinta, jininta ke nan. Barbaɗa garin sitacin masara a wurin, ka bar ta kusa da ruwa. Ƙaramin rauni kawai wannan ke tsayarwa.

Ɗan_Tautau:
Ni ina ganin kafin a ɗora wa danshi laifin duka, a duba jinsi. Namijin da ya yi saɓarsa ta ƙarshe ba ya zama, neman mace yake, ko ka shimfiɗa masa ƙasar da ta fi kowace kyau. Alamarsa: 'yan gajerun gaɓoɓi biyu na kusa da baki sun kumbura a ƙarshe kamar dunƙulen hannu, akwai ƙugiya ƙarƙashin ƙafafun gaba, ƙafafu dogaye, ciki ƙarami. Idan haka ne, babu maganin yawon, sai dai rage tsayi. Macen rosea tana kai shekara 15 zuwa 20, namiji ba ya jimawa bayan ya balaga.

A duba kuma ko kiyashi sun shiga, ko an bar gyare a ciki. Abin da ba ta ci ba cikin awa 24 a fitar da shi, musamman in ta kusa saɓa, lokacin da ƙafafunta ke rasa kamun gilashi, faɗuwa ta fi sauƙi. Zafin ɗaki tsakanin digiri 21 da 27 ya wadatar. Kada a sa abin ɗumama ƙarƙashin akwati, don idan zafi ya dame ta ƙasa take tonawa, sai ta nufi wutar. Maganin sauro na feshi ko na kunnawa kuwa, kada ya shiga ɗakin.

Duk wannan na masu zama ƙasa ne. Na bishiya, irin Avicularia ta Kudancin Amurka ko Stromatopelma calceatum da ke zama a bishiyoyin kwakwar manja a Afirka ta Yamma, akwatinsu a tsaye ake yi, tsayi sau uku zuwa huɗu na faɗin ƙafa, da ɓawon itace a jingine da ramukan iska a gefe da gefe. Ta biyun dafinta mai zafi ne, ga sauri, ba ta sabon shiga ba ce.

Mai_Kiwon_Ƙwari:
Gaskiya ne batun namiji, ka duba shi tun yau. Ƙari ɗaya: yi gyaran duka a zama ɗaya. Kife mata kofin roba, zura kwali ta ƙasa, yi aikin a kan tabarma ba a kan tebur ba, ka guji kai fuska kusa don tana watsa gashi mai ƙaiƙayi. Bayan ka mayar da ita, ƙyale ta. Za ta iya ƙara mako biyu ko uku tana hawa kafin ta shimfiɗa saƙarta a ƙasa, kuma duk lokacin da ka motsa ƙasar lissafin ya koma farko.