Kunkuru a gida: kiwo ne ko ajiya?

Na Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya ga ɗan kunkuru bai fi ƙwan kaza ba, ya saya wa yara, ranar da ya fara tone gindin katanga sai a kai shi bakin gulbi a yar. Mussa tana shekara 12 zuwa 15, kare da wuya ya wuce 13, amma babban kunkurun nan na Sahel yana haura 70, namiji kan kai kilo 80. Duk wanda ya shiga kiwon kunkuru ko damo, haƙƙin da ke wuyansa bai gaza na mai kare da mussa ba, shi ma har da wasiyyar wanda zai riƙe shi bayan ranka. Na san ba mai tankawa, tunda ba zancen rago ba ne.

Alhaji Mai Jar Akuya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gyara bakinka. Kiwo? Jar akuyar Maradi wata biyar take da ciki, sau da yawa tagwaye, ga nono, ga nama, ga fatar da duniya ta sani. Wannan shi ne kiwo. Naka sunansa ajiya.

Hajiya ta Zariya: Alhaji, to kiwon lafiya fa, nono nawa ake tatsa? Kiwo kula ne da tsaro. Kuma abin da ake ajiyewa ba ya cin abinci, shi kuwa wannan cimarsa ma sai da ilimi. Ciyawa ce abincinsa, ɗanya da busasshiya, ita ce kusan duka. Masu zuba masa ragowar tuwo da wake da dusa su ke lalata shi: ya yi saurin girma, ƙoƙon bayan ya fito tudu-tudu maimakon sumul, tsakuwa ta taru a mafitsara. Mangwaro da kankana kuma zawo suke sa shi. Ɓawon ƙwai za a dafa, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa ɗan kaɗan a ciyawar sau biyu a sati saboda ƙashi.

Alhaji Mai Jar Akuya: Hajiya, kin lissafa abin da ke fita daga aljihu. Mi ke shigowa?

Maharbin Tibiri: Ni ina bayan Alhaji, amma ba don riba ba. Abin kiwo shi ne wanda ya san mai shi. Kare ka yi masa allurar haukan kare yana wata uku, ka maimaita duk shekara, ya tsare maka garke, ka yi fito ya zo. Kunkuru ko jikanka ya gaje shi bai san sunan gidan ba.

Likitan Dabbobi: Yayana, sanin mai shi ba ya cikin lissafin ciwo. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne suka haɗe, da jini da jijiya a ciki. Masu huda gefensa su ɗaura igiya rauni suke yi masa, ya ruɓe daga ciki ba a gani. Sannan masu awaki ku ji da kyau: ivermectin ɗin da kuke yi wa bisashe na tsutsa kashe kunkuru yake, ya shanye masa gaɓoɓi har numfashi ya tsaya. In tsutsa ce, fenbendazole ake ba shi ta baki, a auna nauyinsa tukuna. Na cikin ɗaki kuma da ba ya samun rana kai tsaye, ƙoƙonsa laushi yake yi, ka danna ya lotsa, don gilashin taga yana tare hasken da jiki ke bukata ya riƙe sinadarin ƙashi.

Maharbin Tibiri: Likita dai ya hango sabuwar kasuwa. Gobe za mu ji an buɗe layin awon kunkuru.

Likitan Dabbobi: Awon ma kyauta ne, sikelin mai hatsi ya isa. Kai ne dai ba ka son a ce wani abu ya kamo ƙafar kare.

Malam na Mokoyo: Ku sassauta. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim, mace ta shiga wuta saboda mussar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Illar tsarewa ce, ba a ce sai mai gashi ba. Ko ka kira shi kiwo ko ajiya, ka tsare ka ɗauki nauyi.

Alhaji Mai Jar Akuya: Allah gafarta Malam, ai ka faɗa da bakinka, tsarewa ka ce, ba ka ce kiwo ba. Kuma tsaka fa da aka ce a kashe? Ba danginsu ɗaya ba?

Malam na Mokoyo: Tsaka nassi ne ya ambace ta da sunanta, Alhaji, ba a jawo kunkuru ciki. In dangi ake bi, kare ma sai na farauta ko garke ko gona aka yarda a riƙe.

Maharbin Tibiri: To nawa na farauta ne, a bar kare ya huta.

Hajiya ta Zariya: Kun bar abin da zai amfani mai kunkurun. Shinge na bulo ake yi, tsawo santimita 60, a nutsa wasu 30 cikin ƙasa, don in yana hango waje ta shingen waya ba ya daina turawa, katangar laka kuwa ta ƙarƙashi yake bi. Ramin nan ba ɓarna ba ce, shi ne mafakarsa a zafin Afrilu da sanyin Janairu, sai a bar masa kusurwa nesa da ginin ɗaki. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, ɗaya zai kife ɗaya, in ya wuni rigingine a rana ya tafi. Namiji ana gane shi da lotsawar ƙirji da doguwar wutsiya. Ƙarami a riƙa tsoma shi a ruwa mai ɗumi iya haɓa, minti 15, sau uku a sati. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar ma a nisanta su, kashin kunkuru na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Wani Ɗalibi: Mama, ai in ana tsoma shi a ruwa kififfiya ce.

Hajiya ta Zariya: Ɗana, kififfiya iyo take. Wannan ka jefa shi rijiya nutsewa zai yi.

Na Bagalam: Ni fa maganar yarwa na kawo. Na gida in aka sake shi daji yana iya kai wa na dajin ciwon hanci, ga shi dama sun yi ƙaranci. Wanda ya gaji ya nemi ma'aikatan gandun daji. Ba wanda ya ce uffan kan wannan.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, ga abin da na fahimta. Mafi rinjaye sun yarda da Alhaji cewa kiwo shi ne abin da ke haihuwa a ƙaru da shi, Malam ma tsarewa ya kira na kunkuru. Bayanin Likita kan ivermectin ya nuna maganin na awaki ne, masu awaki su ci gaba da amfani da shi. Hajiya ta lissafo wahalhalun da suka isa su hana mai hankali farawa. Na Bagalam, an gode, amma a riƙa zaɓen kalma. Gobe in Allah ya kai mu farashin harawa za mu duba.