Shawarwarin da na tsinta kan auna darajar mujallun bincike

Mun zauna da wasu malaman jami'a kan yadda ake gane mujallar da ta fi wata daraja. Kusan kowa ya ce a fara da SCImago, wani shafin intanet da ke jera mujallu bisa darajarsu, domin kyauta ne. Daga Scopus, wani babban rumbun bayanan maƙalun bincike, yake ɗauko bayanai, ya kasa mujallun kowane fanni gida huɗu, daga Q1 (na sama) zuwa Q4 (na ƙasa). Akwai kuma wasu ma'aunai biyu da ke ba mujalla maki: Impact Factor na kamfanin Clarivate yana ƙirga ambaton maƙalun shekara 2 da suka wuce, CiteScore kuwa shekara 4 yake dubawa.

A kan kwatanci muka fi daɗewa. Wata malamar tarihi ta ce kada a ɗora mujallar likitanci da ta tarihi a sikeli ɗaya. Likitoci suna ambaton juna da sauri, masana tarihi kuwa littattafai suka fi kamawa, maƙala takan daɗe kafin a waiwaye ta. Na yarda da ita ƙwarai. Mujallun nazarin Hausa da yawa ma ba sa cikin waɗannan rumbuna, kuma akwai aiki nagari a cikinsu.

Wani malami ya ja kunnenmu: in mujalla ta liƙa maki a shafinta, ɗauki lambar ISSN ɗinta (lambar shaidar mujalla) ka bincika da kanka a waɗannan rumbuna, don akwai masu ƙirƙirar makin bogi.